Rufin Asiri Daban, Ɓoye Ɓarna Daban

(Jawabin da aka gabatar a taron shekara-shekara na Ƙungiyar Tsofaffin Ɗalibai)



Ina godiya ga kwamitin shirya taro da ya ga ya dace in ce wani abu game da sana'ar da na ƙarar da ƙuruciyata a cikinta, wato aikin otal da hidimar matafiya, abin da a yau ake haɗawa a kira harkar yawon buɗe ido. Na fara daga kantar tarbar baƙi, na zaga sito da ofishin kuɗi, har Allah ya sa na riƙe manaja kafin in yi ritaya. An ba ni rabin awa, kuma na hango wanda yake kaɗa mana ƙararrawa a zamaninmu yana zaune a sahun gaba yana duban agogo, don haka ba zan ja zance ba.

Batun da na zaɓa shi ne kwarmato, wato ma'aikaci ya ga ana aikata ɓarna a wurin aikinsa, ya kai maganar gaban wanda ke da ikon hanawa. Na zaɓe shi ne domin da yawa daga cikinmu yanzu muna da hannu a wannan harka. Akwai masu otal a cikin ɗakin nan, akwai masu kamfanin jigilar alhazai da 'yan Umara, akwai waɗanda 'ya'yansu ke aiki a irin waɗannan wurare, sauran kuwa babu wanda bai taɓa kwana a masauki ba. Abin da nake so in bar muku guda ɗaya ne. A wannan sana'a ƙaramin ma'aikaci ne ke fara ganin haɗari, kuma ko zai faɗa ko ba zai faɗa ba ya danganta ne ga irin ƙofar da mu manya muka buɗe masa.

Bambancin kwarmato da gulma

Bahaushe mutum ne mai son rufin asiri. Addu'armu ta kullum ke nan, kuma mun taso muna jin cewa ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Saboda haka da zarar an ce wane ya kai ƙarar wurin aikinsa, abin da ke fara zuwa zuciya shi ne munafuki ne ko ɗan baƙin ciki. To, ya kamata mu rarrabe. Mai gulma yana kai magana inda ba a iya gyara komai, majalisa ko bakin kasuwa, kuma burinsa a zubar da mutuncin wani. Mai ƙazafi ƙirƙira yake yi. Mai kwarmato kuwa abin da ya gani da idonsa yake ɗauka ya kai wa mai ikon tsayar da shi, domin akwai wani bawan Allah da zai cutu idan aka yi shiru. Malamai ma sun yi wannan bambanci tun da daɗewa. Imamu Nawawi ya lissafa wurare shida da ambaton aibin mutum ya halatta, daga ciki har da kai ƙarar zalunci da yi wa jama'a gargaɗi game da cuta.

A aikin otal wannan bambanci ya fi ko'ina muhimmanci, domin darasin farko da ake koya wa sabon ma'aikaci shi ne kame baki. Ba ka faɗin wanda ya sauka, ba ka faɗin lambar ɗakinsa, ba ka faɗin wanda ya ziyarce shi, ko da uwargidansa ce ta bugo waya. Wannan daidai ne, sirrin baƙo amana ne. Matsalar ita ce yaron da aka yi wa wannan horo yakan ɗauka duk abin da ya gani a cikin gidan sirri ne, har da ƙofar gudun gobara da aka garƙame da kwaɗo, har da naman da ya canza launi a firiji. Wasu shugabanni kuwa da gangan suke cuɗa abubuwan nan biyu, su fake da sirrin baƙo su ɓoye nasu laifin.

Abin da ya sa wannan sana'a ta fita daban

Ku dubi halin baƙo. Ya zo garin da bai sani ba, ya ci abincin da bai ga dahuwarsa ba, ya kwanta barci a ɗakin da wani ke riƙe da mabuɗinsa na biyu, gobe kuma ya wuce. Ba shi da lokacin bincike, ba shi da wanda zai tambaya. Duba-gari da jami'in kashe gobara ba kullum suke zuwa ba, kuma sau da yawa an san ranar zuwansu. Waɗanda ke nan dare da rana su ne mai gyaran ɗaki da kuku da maigadi da mai kula da janareto da direban motar baƙi. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, to a otal waɗannan su ne masu ɗakin.

Sai dai kuma su ne mafi rauni. Sana'ar kanta babba ce. A shekarar 2019, kafin annobar korona, tafiye-tafiyen yawon buɗe ido tsakanin ƙasashe sun kusa biliyan 1.5, kuma kimanin aiki 1 cikin kowane 10 a duniya yana da alaƙa da ita. A wannan shekarar dai hukumar yawon buɗe ido ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta cewa kashi 54 cikin 100 na ma'aikatan mata ne. A nan gida kuwa mun san yadda abin yake. Ana ɗaukar yaro aiki ba takarda, albashinsa bai taka kara ya karya ba, wani kaso na abin da yake kai wa gida tukwicin baƙi ne. Lokacin cikar kasuwa, kamar hawan salla a Kano da Katsina da Zariya, ko bikin kamun kifi na Argungu, sai a ƙaro hannaye, bayan mako guda a sallame su. Wanda ake iya kora da kalma ɗaya, da wuya ya buɗe baki a kan abin da ya gani.

Ire-iren ɓarnar da ake gani

Na kasa su gida huɗu. Na farko shi ne abin da ke taɓa ran baƙo da lafiyarsa. A kashe firiji da dare don tsimin man janareto, kaji su narke su sake daskarewa, a dafa wa mutane. A bar tukunyar kashe gobara rataye a bango shekaru bayan wa'adinta ya ƙare. A ɗebi baƙi zuwa kallon namun daji a motar da birkinta ba ya ci, ko a lafta wa kwalekwale mutane fiye da kima ba rigar ruwa.

Na biyu shi ne kuɗi. A sayar da ɗaki ba a shigar a rajista ba, a karkatar da man janareto, ko a rubuta rasit na ƙarya. Jami'i ya zo ya ce a rubuta masa rasit na taron bita na kwana biyar da mutum ɗari, alhali wuni ɗaya aka yi da mutum ashirin. Na ga wasu sun sunkuyar da kai, ni dai ban kira sunan kowa ba. A kamfanonin tafiye-tafiye kuma akwai karɓar kuɗin maniyyata, alhali akawun ofis ya san babu biza babu kujera.

Na uku shi ne zaluntar ma'aikatan kansu. A ƙara wa baƙo kuɗin hidima da sunan ma'aikata, kuɗin ba ya isa hannunsu. A yanki kuɗin fansho daga albashi ba a tura ba, alhali Dokar Fansho ta 2014 ta ce ma'aikaci ya ba da kashi 8, mai wurin aiki ya ƙara kashi 10, a tura cikin kwana 7 na aiki bayan biyan albashi. Mafi muni a wannan gida shi ne cin zarafin mata, domin mai gyaran ɗaki ita kaɗai take shiga ɗakin baƙo. A birnin Shikago na Amurka, ƙungiyar ma'aikatan otal ta yi bincike a 2016, inda kashi 58 cikin 100 na matan otal da aka tambaya suka ce baƙi sun taɓa yi musu rashin mutunci irin wannan. A 2017 birnin ya kafa doka ta tilasta wa otal-otal su ba irin waɗannan ma'aikata ɗan maɓallin neman agaji, ta kuma haramta a hukunta wadda ta kai ƙara.

Na huɗu shi ne laifin da wasu ke shigowa da shi daga waje, musamman safarar mutane. Mai tarbar baƙi ya ga ƙaramar yarinya tare da babban mutum, ba ta ɗaga kai, ba ta amsa tambaya, wani ke riƙe da takardunta. Akawun kamfanin tafiya ya ga ana fitar da 'yan mata da sunan Umara ko aikatau, ba mai dawowa. Waɗannan alamu ɗan sanda ba ya ganinsu, ma'aikaci ke ganinsu.

Misalai uku

Bari in kawo abubuwa uku da suka faru, biyu a ƙasashen waje, ɗaya a nan gida.

Ranar 6 ga Maris 1987 wani jirgin ruwan fito mai ɗaukar motoci da fasinja, mai suna Herald of Free Enterprise, ya tashi daga tashar Zeebrugge ta ƙasar Beljiyam zai tafi Doba a Ingila. Da yawa daga cikin fasinjojin 'yan yawon shaƙatawa ne da suka sami tikiti mai rahusa. Jirgin ya fita da ƙofofin gabansa a buɗe, domin wanda aka ɗora wa rufe su barci ya kwashe shi. Ruwa ya kwararo, cikin kimanin daƙiƙa 90 jirgin ya kife, mutum 193 suka rasu. Binciken da Mai shari'a Sheen ya jagoranta ya gano cewa ba wannan ne karo na farko da jirgin kamfanin ya tashi ƙofa a buɗe ba, kuma tun kafin haɗarin kyaftin-kyaftin ɗin kamfanin sun rubuta wa shugabanni suna neman a sa musu fitila a ɗakin tuƙi da za ta nuna ko an rufe ƙofa. Shugabannin suka yi watsi da maganar, har da ba'a. A nan ma'aikata sun yi magana, kunnen ji ne babu.

Na biyu ya faru ne a wani katafaren jirgin ruwan shaƙatawa mai suna Caribbean Princess. Doka ta ce a tace ruwan da ya gauraya da mai kafin a zubar a teku, ko a sauke shi a tasha a biya kuɗi. Don gudun wannan kuɗi, tun daga 2005 ake zubar da dattin ta ɓarauniyar hanya a cikin jirgin. A watan Agustan 2013 wani sabon injiniya matashi ya ga an zubar da fiye da galan 4,000 kusa da gaɓar Ingila. Ya ɗauki hoto da wayarsa, da jirgin ya tsaya a tashar Southampton ya ajiye aiki, ya kai wa hukumar kula da teku ta Birtaniya. Manyan injiniyoyin jirgin suka sa aka cire bututun, suka umarci na ƙasa da su su yi wa masu bincike ƙarya, amma hotunan sun riga sun fita. A Disambar 2016 kamfanin Princess Cruise Lines ya amsa laifi a Amurka, aka ci shi tarar dala miliyan 40. A 2017 kotu a Mayami ta ba wa wannan matashi dala miliyan 1 daga cikin tarar, domin dokar Amurka ta tanadi haka. Ku lura, shekara takwas ana wannan aiki, ma'aikata nawa suka gani suka wuce? Sabon zuwa ne ya faɗa, kuma sai da ya sadaukar da aikinsa.

Na uku a Ile-Ife ne. A watan Nuwamba 2021 wani ɗalibin jami'a ya sauka a wani otal don rubuta jarrabawa, ya mutu a can, aka fitar da gawarsa aka yar, aka ce bai taɓa sauka ba. A watan Mayu 2023 Babbar Kotun Jihar Osun ta yanke hukuncin kisa ga mai otal ɗin da ma'aikatansa biyu, ta kuma ɗaure mai tarbar baƙi shekara biyu saboda sauya takardun shaida. Waɗanda aka yanke wa hukuncin sun ɗaukaka ƙara daga baya. Abin da nake so ƙannenmu su riƙe shi ne, cewa maigida ne ya sa ni ba ta fitar da kowa a gaban alƙali.

Abin da ke ɗaure bakin ma'aikaci

Mu tuna ɗakunan kwana na makaranta. Siniya ya ƙwace wa ɗan aji ɗaya garin kwaki da sukari, ko wasu su tsallake katanga su tafi silima, kowa ya sani, amma da an taru a filin asambuli babu wanda ya ga komai. Wanda ya faɗa kuwa ya shiga uku har ƙarshen zango. A lokacin abin da ake ɓoyewa garin kwaki ne. Amma ɗabi'ar takan bi mutum har ofis, inda abin da ake ɓoyewa ya zama dukiyar jama'a ko ran ɗan Adam.

Bayan wannan akwai nauyin wanda ya kawo ka aiki. Yawancin yaranmu ta hannun kawu ko maigidan uba suke samun aiki, don haka idan yaro ya kai ƙara, a gida za a fara ce masa ya kunyata wanda ya tsaya masa. Akwai kuma tsoron kora, ga shi masu otal a gari ɗaya sun san juna, waya ɗaya ta isa ta rufe wa yaro kowace ƙofa. Amma a abin da na gani cikin shekarun aikina, babu abin da ke kashe bakin ma'aikaci kamar ya ga wani ya faɗa ba a yi komai ba, ko kuma kafin azahar wanda aka kai ƙararsa ya ji sunan wanda ya kai. Idan hakan ta faru sau ɗaya a gida, an yi shekaru ba a sake jin komai ba, manaja kuma ya zauna yana murna wai gidansa lafiya.

Me doka ta ce?

Haɗarin jirgin nan na 1987 yana cikin abubuwan da suka sa Birtaniya ta kafa dokar kare masu kwarmato a 1998. Tsarinta hawa-hawa ne. An fi sauƙaƙa wa wanda ya fara kai magana cikin gida, sannan wanda ya kai wa hukumar da ke kula da fannin, sannan aka tsaurara sharuɗɗa ga wanda ya tafi wurin 'yan jarida. Tarayyar Turai ta fitar da nata umarnin a 2019, wanda ya wajabta wa duk kamfani mai ma'aikata 50 ko fiye ya buɗe hanyar karɓar rahoto a asirce, ya sanar da mai rahoto cewa an karɓa cikin kwana 7, ya kuma gaya masa matakin da aka ɗauka cikin wata 3. Ƙasar Gana ta yi tata dokar tun 2006, kuma akwai abin sha'awa a cikinta. Ta yarda mutum ya kai rahoto da baki idan bai iya rubutu ba, ta kuma sa sarki da shugaban addini da dattijon dangi cikin waɗanda ake iya kai wa.

A Nijeriya, Ma'aikatar Kuɗi ta Tarayya ta fito da tsarin kwarmato a Disambar 2016, da alkawarin tukwicin kashi 2.5 zuwa 5 cikin 100 na kuɗin da aka ƙwato. Duk mun tuna dala miliyan 43 da aka gano a wani gida a Ikoyi a watan Afrilun 2017. Sai dai wannan tsari na gwamnati ne, majalisa ba ta zartar da shi ya zama doka ba a lokacin da aka fito da shi, kuma dukiyar gwamnati ya fi shafa. Mai gyaran ɗakin da ta ga an garƙame ƙofar gobara ba ta cikin lissafinsa. Duk da haka ba a ce babu madafa ba. Dokar ICPC ta 2000 ta tanadi ɓoye sunan mai kawo rahoto, ta kuma tanadi hukunci ga wanda ya kawo na ƙarya da gangan. Gyaran tsarin mulki na 2010 ya ba Kotun Ma'aikata ta Ƙasa hurumin sauraron ƙarar zalunci da cin zarafi a wurin aiki. Dokar Ƙwadago kuma ta ce a ba ma'aikaci sharuɗɗan aikinsa a rubuce kafin ya wuce wata 3 da farawa.

Shawara ga ƙannenmu da 'ya'yanmu

Ga wanda ya ga ɓarna a wurin aikinsa, shawarata ita ce ya fara tambayar kansa, wa zai cutu idan na yi shiru? Idan amsar ita ce babu kowa, haushin wani kawai yake ji, to ya haƙura. Idan kuwa akwai, ya rubuta abin da ya gani da rana da lokaci da wuri, ya raba shi da abin da ya ji a bakin wasu. Ya ajiye shaidar da aikinsa ya ba shi damar gani, kada ya fasa ofishin kowa, kada ya taɓa bayanan baƙin da ba ruwansu. Ya fara da cikin gida, a rubuce, cikin ladabi, ya riƙe kwafi. Idan na samansa ne mai laifin, ya tsallake zuwa na gaba ko mai wurin. Idan akwai reshen ƙungiyar ƙwadago ta ma'aikatan otal, ya nemi su tsaya masa, domin murya biyar ta fi ɗaya wuyar kashewa.

Idan cikin gida ya gagara, kowace ɓarna da ƙofarta. Abinci da magani na NAFDAC ne da duba-gari. Gobara ta hukumar kashe gobara ce. Cutar mai saye ta hukumar FCCPC ce. Fansho na PenCom ne. Safarar mutane ta NAPTIP ce, wadda aka kafa a 2003. Kamfanonin Hajji da Umara suna ƙarƙashin NAHCON, wadda dokar 2006 ta kafa, ita ke ba su lasisi. Rasit na ƙarya da kuɗin gwamnati na ICPC ne ko EFCC. Rajistar otal kuwa, tun hukuncin Kotun Ƙoli na 2013 hurumin jihohi ne. Akwai kuma Hukumar Sauraron Koke-koken Jama'a da ke nan tun 1975. Idan rai ne ke cikin haɗari a wannan sa'a, babu zancen bin matakai, a kira hukuma nan take.

Abin da nake gargaɗi a kai shi ne gaggawar zuwa Facebook ko WhatsApp. Magana zarar bunu ce. An sha gurfanar da mutane a kotu kan abin da suka rubuta a intanet, kuma yaron da ke da gaskiya yana iya komawa wanda ake tuhuma saboda kalma ɗaya da ba zai iya tabbatarwa ba.

Nauyin da ke kanmu

Yanzu na dawo kanmu, mu da furfura ta kama, masu otal da manajoji da daraktoci. Wani dattijon manaja da na yi aiki a ƙarƙashinsa ya koya mini wata dabara. Wata rana mataimakin kuku ya same shi a ɓoye ya gaya masa cewa ana sauya takardar kwanan wata a jikin kayan sito. Dattijon bai kira mai sito ba, bai kuma sake kiran yaron ofis ba. Ya bari aka kwana biyu, sai ya ba da umarnin a ƙirga kayan kowane sashe na otal ɗin a rana ɗaya, tun daga wurin wanki har garejin motoci. Ɓarnar ta fito da kanta, aka hukunta mai laifi bayan an ji ta bakinsa, kuma har yaron ya bar wurin babu wanda ya san shi ne ya faɗa. Daga wannan rana ma'aikata suka gane cewa ofishin nan ana iya shiga a fito lafiya.

Saboda haka ina roƙon duk mai wurin aiki a cikinmu ya yi waɗannan abubuwa. Ya ba ma'aikatansa takardar ɗaukar aiki. Ya buɗe hanyar kawo rahoto fiye da ɗaya, ta yadda ƙara ba za ta bi ta hannun wanda ake ƙara ba, ya kuma sa mace a cikin masu karɓa, domin akwai maganar da 'ya mace ba za ta iya gaya wa namiji ba. Ya bayyana wa sabon ma'aikaci tun ranar farko, da harshen da yake ji, mene ne sirrin baƙo, mene ne kuma abin da wajibi ne ya faɗa. Ya binciki zargi da adalci, domin wanda ake zargi ma yana da haƙƙi, kuma akwai masu fakewa da kwarmato su rama gayya. Ya koma ya gaya wa mai rahoto abin da aka yi. Sannan ya sa ido a kansa na tsawon watanni, domin ramuwa ba kullum take zuwa da takardar kora ba. Takan zo ne a sauya masa aiki zuwa na dare, a hana shi hutu, a daina gaishe shi, har ya gaji ya tafi da kansa. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Yaron da ya gaya maka ana yi maka ɓarna ya fi wanda ke durƙusa maka kullum yana kallo amfani.

Mu kuma da muke zuwa a matsayin baƙi, mu daina sa yaran mutane rubuta mana abin da ba haka yake ba. Iyaye kuwa, idan ɗanka ya zo ya ce ya ga abu kaza a wurin aiki, kada kalmar farko ta zama yi shiru ka ci abincinka. Ka zauna ka saurare shi, ka nema masa shawarar wanda ya san doka.

Daga ƙarshe ina ba Ƙungiya shawara guda. Muna da lauyoyi da alƙalai masu ritaya da tsofaffin jami'an ƙwadago a cikinmu. A kafa ɗan ƙaramin kwamiti da ɗan kowane memba zai iya tuntuɓa a asirce kuma kyauta idan ya shiga irin wannan hali, ko a otal yake aiki ko a wani wuri. A kuma roƙi Shugaban makaranta ya ba mu awa ɗaya a shekara mu zauna da 'yan ajin ƙarshe a kan wannan batu kafin su fita duniya. Na miƙa wannan ga Sakatare don a tattauna a zaman gaba.

Iyayenmu malamai, mun gode da tarbiyyar da kuka ba mu, Allah ya saka da alheri, ya ƙara lafiya da nisan kwana. Waɗanda suka riga mu gidan gaskiya daga cikin malamai da ɗalibai, Allah ya jiƙansu. Allah ya rufa mana asiri, ya kuma hana mu zama masu rufa wa zalunci asiri. Allah ya mai da kowa gidansa lafiya.